Gida Ya Yi Araha, Mai Saye Ya Ɓace: Kasuwar Gidaje a Mafara da Bakura da Maradun

Idan aka ji cewa farashin sababbin gidaje na sauka, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne sauƙi ya zo, talaka zai samu inda zai sa haƙarƙarinsa. A wasu ƙasashe akwai ƙamshin gaskiya cikin wannan zato. A Talata Mafara da Bakura da Maradun kuwa, a ganina kuskure ne, kuma kuskure mai haɗari, domin yana iya sa masu mulki su ɗauka al'amura na gyaruwa alhali taɓarɓarewa suke yi. Gidan da ya yi araha a wannan yanki ya yi arahar ne saboda mai shi ya matsu, wanda ake sa ran zai saya kuma hannunsa ya riga ya bushe.

Sai an fara fahimtar yadda ake samun gida a nan kafin a yi maganar farashinsa. Babu kamfanin da ke gina ɗaruruwan gidaje a Bakura ya kafa allo yana neman masu saye, babu kuma wata hukuma da ke fitar da ƙididdigar farashin gidajen Mafara wata-wata kamar yadda ake yi a Amurka ko Sin. Mutumin nan gina gida yake yi, da kaɗan-kaɗan. Bana ya sayi fili ta hannun dillali, mai unguwa ya sa hannu a takarda. Baɗi idan shinkafar rani ta yi kyau ya buga bulo ya jibge. Wata shekarar ya sayar da sa ya haƙa harsashi, ya kai gini linta, sai a bar shi ya sha damina ɗaya ko biyu kafin a samu kuɗin katako da kwano. Ma'aikaci yana haɗawa da adashi da ɗan bashin ƙungiyar ma'aikata, ɗan ci-rani kuma yana aiko da abin da ya samu daga Legas ko Abuja. Saboda haka abin da za a kira farashin sabon gida a nan shi ne jimillar kuɗin fili da siminti da rodi da kwano da yashi da ladan birkila da kafinta da lebura. Wannan jimilla ba ta sauka ba. Hawa ta yi, hawa kuma mai ban tsoro.

Kowa ya san mafarin. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da ake canzarwa wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024, kafin a sauya hanyar lissafinta. Buhun siminti da ake saye wajen naira 4,500 a farkon 2023 ya zarce 10,000 a Fabrairun 2024, har sai da gwamnatin tarayya ta kira masu kamfanonin siminti zama, aka ce an daidaita a kan naira 7,000 zuwa 8,000. Wannan farashi bai zauna ba. Abin da ya fi ci wa mutumin Mafara rai shi ne masana'antar simintin BUA da ke Kalambaina a Sakkwato ba ta da nisa da shi, titi ɗaya ne, amma kusancin bai rage masa abin a zo a gani ba, domin dizal da kuɗin mota da ribar 'yan tsakiya duk a kansa suke sauka.

Ga wani ɗan lissafi da ke nuna girman abin. A 2019, lokacin da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 30,000, buhun siminti yana wajen naira 2,500, wato albashin wata guda na sayen buhu 12. A 2024 aka ɗaga albashin zuwa 70,000, amma a kan naira 10,000 buhu 7 kawai yake saye. An ninka albashin fiye da sau biyu, ginin da yake iya yi kuma ya ragu da kusan rabi.

To a ina faɗuwar farashin take, tunda kayan gini tashi suka yi? Tana nan, a wuri biyu.

Na farko ba a ganin sa da ido sai an zauna da alƙalami. A ɗauka mutum ya kashe naira miliyan 5 ya gama gida a farkon 2023. Wannan kuɗi a lokacin daidai yake da buhun siminti sama da 1,100. Yau ya sa gidan a kasuwa, aka taya miliyan 8, ya sallama yana ganin ya ci ribar miliyan 3. Amma miliyan 8 ɗin buhu 800 kawai za ta saya masa. Idan ya ce zai sake gina irin gidan da ya sayar, ba zai kai shi rufi ba. Lambar ta hau, darajar ta faɗi. Wannan ne ya sa 'yan kasuwar da a da suke zuba rarar kuɗinsu a gini don su sayar ko su ba da haya suka ja baya, suka gwammace su ɓoye hatsi ko su sayi zinari ko su kai kuɗin Gusau da Sakkwato da Kano. Shi ya sa kuma bayan gari ya cika da kangaye, ciyawa ta fito a tsakiyar ɗakunan da ba a taɓa kwana a cikinsu ba. Birkila da kafinta da mai buga bulo su ne suka fara ji a jikinsu, tun kafin dillali ya fara kukan babu ciniki.

Wuri na biyu kuwa, wato rashin tsaro, a fili yake, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekarar 2021 kaɗai ta isa shaida. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar sakandaren Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta aka afka wa Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai 73 daga makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a Maradun. A cikin watan ne aka rufe kasuwannin mako-mako aka katse layukan waya a jihar. Waɗannan su ne waɗanda duniya ta ji. Waɗanda ba ta ji ba sun fi yawa: manomin da aka ɗauke a bakin gonarsa, matafiyan da aka tare a hanya, ƙauyen da aka sa wa haraji kafin a bar shi ya yi shuka, aka sake sa masa wani kafin girbi. Rahoton cibiyar SBM Intelligence ya ƙirga mutum 7,568 da aka sace a Najeriya tsakanin Yulin 2023 da Yunin 2024, Zamfara ce kuma a kan gaba.

Kuɗin fansa ba daga banki yake fitowa ba. Ana farawa da hatsin rumbu, sai awaki da shanu, sai babur, sai gona, daga ƙarshe gida. Wanda aka ba kwana uku ya kawo miliyoyi ko a kashe masa ɗa ba shi da bakin cewa albarka. Duk abin da aka taya sallamawa zai yi. Irin wannan ciniki shi ke jan farashi ƙasa, kuma da zarar an sayar da gida ɗaya a haka a unguwa, dillalai sun samu ma'auni, na maƙwabci ma ya faɗi. A ƙauyukan da aka watse kuwa maganar faɗuwar farashi ma ba ta taso ba, domin babu mai tayawa. Gidan da uba ya gina, ɗa ya ƙara masa ɗakuna, jika ya sa masa kwano, an bar shi a buɗe, damina na cin katangarsa. Dukiyar zuriya uku ce ta tafi, kuma ba za ta taɓa fitowa a cikin wata ƙididdiga ba.

Mutanen da suka baro waɗannan gidaje ba ɓacewa suka yi ba. Suna cikin garin Mafara da Bakura da Maradun, wasu sun wuce Gusau ko Sakkwato. Mai dangi ya raɓa da dangi, ɗaki ɗaya mutum takwas ko goma. Marar dangi ya roƙi mai kango ya bar shi ya toshe tagogi da buhu da zana. A Mafara suna gogayyar neman ɗaki da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da na Jami'ar Jihar Zamfara, da ma'aikatan da aka tura ƙauye amma suka gwammace su kwana a gari. Sakamakon shi ne kasuwa ta rabu biyu a cikin ƙaramar hukuma ɗaya: a ƙauye gida ya rasa mai saye, a gari ɗakin haya ya yi wuyar samu, fili a unguwar da ake ganin tana da tsaro kuma bai san an yi sanyin kasuwa ba. Babban gida na miliyoyi yana iya yin kwantai wata da watanni, alhali ɗaki ciki da falo ba ya kwana babu mai nema. Abin da mutane ke buƙata da abin da ke kasuwa sun saɓa.

Akwai wani ɓangare na wannan matsi da ba a cika kawo shi cikin maganar gidaje ba, wato aure. A al'adarmu saurayi ba ya kai kuɗin aure sai an san ɗakin da za a kai amarya. Da can uba kan yanka masa gefen gida, abokai su taru a yi gayya a kwaɓa ƙasa. Yanzu gefen gidan ya ƙare, an mayar da zaure ɗaki, an cinye tsakar gida har mata ba su da wurin shanya. Saurayin da ba shi da kuɗin bulo ba shi da kuɗin haya sai ya yi ta ɗaga rana. Matar da aka kashe wa miji ta fita takaba da marayu, rabonta na tumuni yana cikin gidan da ke ƙauyen da ba a iya shiga. Waɗannan su ne masu matsalar muhalli na gaskiya, kuma babu ɗaya daga cikinsu da saukar farashin babban gida za ta amfana.

Wannan yanki ya taɓa ganin irin wannan darasi. Lokacin da kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, aka kammala a 1978, ruwa ya cinye gidaje da fadamun dubban mutanen ƙasar Maradun, aka tashe su zuwa sababbin matsugunai. A ƙasan madatsar kuma aka karɓe gonakin manoma ana baje su don noman rani, shekaru suna wucewa ba shuka, diyya kuma ta zama abin jayayya. Manoman suka tare hanyoyi, a Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu da kewaye, aka yi asarar rayuka masu yawa. Abin lura shi ne ba rashin ɗakin kwana ne ya fito da mutanen nan kan hanya ba. Gona ce. Manomi ya san cewa gidan da babu gona a bayansa ba ya riƙe iyali, komai kyansa. Har gobe haka abin yake. Darajar gida a Bakura ko Maradun tana rataye ne da gonar da mai gidan zai iya zuwa ya dawo lafiya, da kuma abin da amfanin gonar zai yi a kasuwa.

A nan ne ma aka samu ƙarin rauni, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Bayan gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci a 2024, farashin masara da shinkafa ya rikito a 2025. Mai saye da kwano ya ji sanyi, kuma ba zan raina wannan sauƙi ba a jihar da ƙididdigar hukumar NBS ta 2019 ta nuna kusan kashi 74 cikin 100 na mutanenta suna cikin talauci. Amma taki da maganin feshi da man injin ban-ruwa ba su sauka tare da hatsin ba. Manomin da ya yi noma da tsada ya sayar da araha ba shi da rarar da zai buga bulo. Shi ne kuwa babban mai gini a wannan yanki, shi ne mai sayen fili, shi ne mai ba birkila aiki.

Idan aka leƙa waje don kwatanci, a ƙasar Sin farashin sababbin gidaje ya yi ta sauka tun bayan da katafaren kamfanin Evergrande ya kasa biyan bashinsa a ƙarshen 2021, har wata kotu a Hong Kong ta ba da umarnin rushe shi a Janairun 2024. A can gidaje ne suka yi yawa, an gina fiye da masu buƙata. A Amurka kuwa magina kan rage farashi ne idan kuɗin ruwan bashin gida ya hau, don su jawo masu saye. Namu ya bambanta da duka biyun. Ba mu gina da yawa ba, kuma ba mu da bashin gidan da za a ce ya yi tsada. Abu ɗaya da muka yi tarayya da su shi ne, ko a can ma saukar farashi ba ta cika zama alheri ga marar gida ba idan ta zo tare da rashin aiki da tsoron gobe.

Sau da yawa idan aka kawo wannan kuka, amsar da ke fitowa daga Abuja ita ce akwai Asusun Gidaje na Ƙasa. Gaskiya ne akwai shi tun 1992. Ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya kuma yana ba da rance a kan kashi 6 cikin 100 har tsawon shekara 30. Mu gwada shi. Gidajen da gwamnatin tarayya ta gina a jihohi, mafi ƙanƙantarsu mai ɗaki ɗaya ya haura naira miliyan 7. A ɗauki rancen miliyan 8 a kan wancan sharaɗi mai sauƙi: biyan wata zai kama kusan naira 48,000, fiye da kashi biyu cikin uku na albashin naira 70,000. Da me za a ci abinci? Idan kuwa bankin kasuwa aka nufa, inda ruwa ke kusantar kashi 30 cikin 100 tun da Babban Banki ya kai nasa ma'aunin kashi 27.5 a ƙarshen 2024, ruwan miliyan 8 kaɗai zai kai naira 200,000 a wata. Wannan duk ga mai albashi ne. Manomi da mai shago da ɗan acaɓa ba su ma shiga layin ba.

Ko da lissafin ya yi daidai, akwai shinge biyu. Na farko riba. A jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun Oktoban 1999, mutane da yawa ba za su karɓi bashi mai ruwa ba ko da kashi ɗaya ne, kuma wannan matsayi ne da ya kamata a girmama a tsara hanya a kansa. Hanyar kuwa tana nan: murabaha da ijara da sauran nau'o'in cinikin da bankuna irin su Jaiz da TAJ ke aiki da su. Matsalar ita ce ba su iso wurin mai ginin ɗaki biyu a Bakura ba. Na biyu takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, banki kuma ba ya karɓar jingina sai da takardar shaidar mallaka ta gwamnati. Yawancin gidajenmu abin da suke da shi takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa da shaidu, wasu ma gado ne da ba a raba ba. A idon unguwa mai gida ne, a idon banki ba shi da komai.

Ba za a ce wannan yanki ya rasa masu faɗa-a-ji ba. Gwamnoni uku daga cikin waɗanda suka mulki Zamfara tun 1999 'ya'yansa ne: Ahmad Sani Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. Duk da haka tunanin gwamnati game da muhalli, a jiha da tarayya, bai wuce gina rukunin gidajen siminti a bayan gari a raba wa manyan ma'aikata ba. Ni ina ganin kuɗin da ke gina irin waɗannan gidaje 100 zai fi amfani idan aka yanka ƙananan filaye 1,000 a gefen gari, aka fitar da hanya da magudanar ruwa, aka haƙa rijiyar burtsatse, aka ba kowa takardarsa a hannu, aka bar shi ya gina daidai ƙarfinsa kamar yadda ya saba. Mutanenmu ba su taɓa kasa gini ba. Fili mai aminci da takarda mai ƙarfi suke rasawa.

Sai kuma maganar ƙasa. Mun wayi gari muna ganin ginin tubali alamar talauci ce, alhali ɗakin ƙasa ya fi na bulo da kwano sanyi a bazarar Zamfara nesa ba kusa ba. Rauninsa sananne ne: ruwa na cin gindinsa, kuma yana son yaɓe duk shekara. Maganinsa ma sananne ne: harsashi na dutse ko bulo, rufi mai baki da ke kare bango, da tubalin jar ƙasa da ake haɗawa da ɗan siminti kaɗan a matse da inji. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa ta daɗe da ƙera irin wannan inji. Kwalejin Abdu Gusau tana nan cikin Mafara. Babu abin da zai hana ta koya wa birkilolin garuruwan nan uku wannan aiki, ta gina ɗakunan gwaji inda kowa zai gani da idonsa. Idan hakimi ko babban ɗan kasuwa ya fara gina nasa da shi, kunyar za ta fita daga zukatan saura.

Amma duk wannan yana bayan tsaro. An ƙaddamar da rundunar tsaro ta Askarawan Zamfara a Janairun 2024, sojoji ma suna nan, sai dai ma'aunin da manomi ya sani guda ne: ya kwana a ƙauyensa, ya je gona ya dawo. Ranar da hakan ya tabbata, gidan ƙauye zai sake samun mai tayawa, cunkoson gari zai ragu, haya za ta sauka don kanta.

Kafin wannan rana akwai abin da ke hannunmu. Malaman fiƙihu sun daɗe suna gargaɗi kan cin moriyar matsuwar mutum a ciniki, kuma ya kamata limamai su riƙa faɗin haka a kan mumbari da sunan abin, wato sayen gida ko gonar mai neman kuɗin fansa a rabin kuɗinta. Dillali ya ji tsoron Allah, la'adar da ya ci a irin wannan ciniki ba ta da albarka. Mai hali da aka kawo wa irin wannan gida, idan zai iya, ya ba da rance ba ruwa ya riƙe takardar gidan amana har mai shi ya farfaɗo, ko kuma ya saya da kuɗinsa na gaskiya.

Ga Gwamna Dauda Lawal da shugabannin ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun da masarautunsu kuwa, roƙona guda uku ne. A rubuta gidaje da gonakin ƙauyukan da aka watse da sunayen masu su tun dattawan da suka san iyakoki suna raye, don kada a dawo a tarar da rigima. A sauƙaƙa takardar mallaka ga ƙananan gidaje, a kawo ofishinta hedikwatar ƙaramar hukuma maimakon sai an je Gusau. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha kuma ta buɗe waƙafin ɗakuna ga zawarawa da marayun da aka raba da gidajensu, ta fara da kangayen da masu su za su yarda a rufa a zauna na wasu shekaru, kafin damina mai zuwa ta sauka.